Bayan An Rufe Akwati: Tawa da Haƙƙin Sukar Shugaban Ƙasa

 

Ranar 8 ga Yulin 1996, ana rana ta biyu ta zaɓen shugaban ƙasar Nijar, sakamakon wasu garuruwa ya fara isa Yamai, sai labari ya bazu cewa Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, wato CENI, ya kafa wata mai suna CNE ya damƙa mata sauran aikin. Shi kansa Ba'are ɗan takara ne a zaɓen. A ƙasar da ta san kokawa, ba sai an yi dogon bayani ba: ɗan kokawa ne ya kori alƙalin wasa ana tsakiyar kamu, ya kawo nasa. Abokan karawarsa huɗu, Mahaman Usman da Tanja Mamadu da Mahamadu Isufu da Mumuni Adamu Jarmakwai, aka girke musu jami'an tsaro a ƙofar gida, suka yi mako biyu cikin ɗaurin talala. Da sabuwar hukumar ta gama lissafinta, ta ce Janar ya lashe tun zagayen farko da kashi 52.22 cikin ɗari. Usman, wanda aka tumɓuke daga mulki a watan Janairun shekarar, aka ba shi 19.75. Tanja ya samu 15.65. Isufu kuwa, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, aka rubuta masa 7.60.

Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi yi wa Adarawa, mutanen yankin Tawa, ciwo. A zaɓen 1993 mutumin ya samu kusan kashi 16 a zagayen farko, kuma a 1999 ya haura kashi 22. Duk wanda ya jera alƙaluman uku zai ga akwai abin tambaya a na tsakiyar. Mutanen Tawa sun yi tambayar, sun ɗaga murya wajen yin ta, kuma sun sha wuya a kanta.

Dalilin da ya sa wannan magana ta dace da garin nan shi ne jihar Tawa ta ga abin ta fuska biyu. Daga 1996 zuwa 2011 nan ne babban sansanin jam'iyyar Isufu, PNDS-Tarayya, tana adawa. Daga 2011 zuwa 2023 kuma nan ne rumbun ƙuri'unta tana mulki, kuma sakamakon da ya riƙa fitowa daga nan yana cikin waɗanda 'yan adawa suka fi ƙorafi a kansu. Jama'ar da ta san zafin abin daga ɓangarorin biyu, nauyi ya hau kanta na ta tsaya wa haƙƙin mai sukar shugaba, ko da shugaban ɗanta ne.

Yadda aka kai ga Yulin 1996 sananne ne. Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Ƙawancen AFC ya kai Mahaman Usman kan mulki a 1993, Isufu ya zama firaminista, ya ajiye aiki a Satumban 1994 bayan saɓani da shugaban. Zaɓen 'yan majalisa na Janairun 1995 ya bai wa masu adawa da Usman rinjaye, Hama Amadu ya zama firaminista, Isufu ya zama shugaban majalisa, aka shekara ana jayayya a kan wane ne ke da ikon kiran taron ministoci da naɗa manyan ma'aikata. Ranar 27 ga Janairun 1996 Ba'are ya shigo da sojoji, ya ce ya zo raba faɗa ne. Mutane da yawa, har a Tawa, sun yi ajiyar zuciya a ranar, don sun gaji da rigimar. Bayan 'yan watanni mai rabon faɗan ya tsaya takara.

Abin lura shi ne hanyoyin da 'yan adawa suka bi bayan zaɓen, da yadda aka toshe su ɗaya bayan ɗaya. Sun fara da kotu. Isufu ya nemi Kotun Ƙoli ta soke zaɓen, kotu ta tabbatar da nasarar Ba'are. Suka kira jama'a su fito. Ranar 26 ga Yuli aka sake yi wa Isufu ɗaurin talala tare da Bazum Mohamed na PNDS, sai ranar 12 ga Agusta wani alƙali ya ba da umarnin a sake su. Suka haɗu a ƙawancen FRDD na maido da dimokuraɗiyya da kare ta, suka ce ba za su shiga zaɓen 'yan majalisa na Nuwamban 1996 ba muddin ba a maido da hukumar zaɓe ta gaskiya ba. Aka yi zaɓen ba su, majalisa ta cika da magoya bayan Janar. Ranar 11 ga Janairun 1997 suka yi jerin gwano a Yamai, aka tarwatsa shi, aka kama Usman da Tanja da Isufu, aka tsare su har 23 ga wata. A farkon 1998 aka kama Hama Amadu da Bazum bisa zargin ƙulla makircin kashe shugaban ƙasa, aka sake su bayan 'yan kwanaki.

'Yan jarida ma ba su tsira ba. Gidan rediyon Anfani na Yamai, wanda ke ba 'yan adawa damar magana, sojoji sun rufe shi a lokacin zaɓen, kuma a Maris 1997 wasu mutane cikin kaki suka shiga suka farfasa kayan aikinsa. Musa Cangari na jaridar Alternative ya shiga gidan kaso a 1997 saboda abin da jaridarsa ta buga. A riƙe wannan suna, zai sake fitowa a labarin.

A Tawa da ƙauyukan Adar, siyasar wannan zamani a gindin rediyo aka yi ta. Da asuba da kuma bayan magariba, za ka tarar da maza sun kewaye akwatin rediyo a ƙofar shago ko a fadar matasa, buta tana kan gawayi, wani yana murɗa maɓalli daga BBC zuwa Jamus zuwa Muryar Amurka, ana neman wanda zai faɗi abin da rediyon gwamnati ya tsallake. Malamin makarantar da ya yi watanni bai ga albashi ba shi ke fassara wa sauran abin da jaridar Faransanci ta rubuta, jaridar da direban mota ya kawo daga Yamai bayan ta kwana uku. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, mutanen Barmu da Kalfu da Afala da Bambai su ɗauki labarin tare da cefanensu su koma da shi gida. Ta haka ƙorafin da aka hana shi fita a majalisa ya game ƙasa. A Afrilun 1998 ya fito kan titi a nan Tawa: magoya bayan FRDD suka yi zanga-zanga suna neman Ba'are ya sauka, aka yi arangama da jami'an tsaro, aka ji wa mutane rauni. Maraɗi da Damagaram su ma suka ɗauka a cikin watan.

An samu wata dama ta gyara. A ƙarshen Yulin 1998 gwamnati da 'yan adawa suka cimma yarjejeniya kan yadda za a gudanar da zaɓe, aka yi na ƙananan hukumomi da jihohi ranar 7 ga Fabrairun 1999. Da alamu suka nuna 'yan adawa na kan gaba, sai aka kai farmaki wuraren tattara sakamako a garuruwa da dama, aka lalata takardu. A farkon Afrilu Kotun Ƙoli ta soke sakamakon wurare masu yawa ta ce a sake. 'Yan adawa suka sake kiran shugaban ya yi murabus. Ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999, dogarawan fadarsa suka harbe Ba'are a filin jirgin saman Yamai, Manjo Dauda Malam Wanke ya karɓi mulki.

Kuskure ne babba a ɗauki wannan rana a matsayin nasarar 'yan adawa. An kashe mutum, uban 'ya'ya, ba tare da shari'a ba, kuma tsarin mulkin da aka rubuta a shekarar ya yi wa waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999 afuwa. Iyalinsa sun yi shekara goma sha shida suna neman a saurare su, sai a Oktoban 2015 kotun ECOWAS ta umarci Nijar ta biya su diyyar sefa miliyan 435. Abin da ranar ta nuna shi ne idan aka rufe kotu da majalisa da titi da rediyo, gardamar ba ta mutuwa, barikin soja take komawa, kuma a can ba a tambayar talaka ra'ayinsa.

Shekarun da suka biyo baya su ne abin alfaharin 'yan adawar Adar. A Nuwamban 1999 Tanja ya kayar da Isufu da kusan kashi 60 a kan 40, Isufu ya karɓi ƙaddara. A 2004 aka sake karawa, ya sake faɗuwa, ya sake haƙura. Zaɓen da aka yarda da alƙalinsa, ko an sha kaye ana iya haɗiye shi. Da Tanja ya kawo tazarce a 2009, ya rusa majalisa a watan Mayu, ya rusa kotun tsarin mulki a watan Yuni, ya yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, PNDS da ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago suka tsaya tsayin daka a kansa. An kama Maru Amadu, ɗaya daga cikin masu magana da yawun farar hula, saboda kalamansa. Ƙarshen wannan ma soja ne: Salu Jibo, ranar 18 ga Fabrairun 2010. A Maris 2011 Isufu ya kayar da Seini Umaru da kashi 58, Seini ya amsa shan kaye, Zakin Adar ya shiga fada ranar 7 ga Afrilu.

Ya fara da alƙawari mai kyau. Tun 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta cire hukuncin ɗauri daga laifuffukan aikin jarida, kuma a Nuwamban 2011 Isufu ya zama shugaban ƙasa na farko a Afirka da ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain, mai neman a daina ɗaure mutane saboda ɓata suna ko zagin shugaba. Ya kuma sauka bayan wa'adi biyu, abin da ya kawo masa kyautar Mo Ibrahim a 2021. Adalci ne a faɗi wannan.

Adalci ne kuma a faɗi saura. Hama Amadu, wanda ya mara wa Isufu baya a 2011 kafin su raba gari a 2013, an kama shi a filin jirgi ranar 14 ga Nuwamban 2015 kan shari'ar jariran da aka ce an sayo daga Najeriya, shari'ar da shi da magoya bayansa suka ce ta siyasa ce. Daga gidan kason Filinge ya yi takarar 2016, ya zo na biyu, aka fitar da shi Faransa neman magani kwana huɗu kafin zagaye na biyu. Ƙawancen 'yan adawa na COPA ya ƙaurace wa zagayen, ranar 20 ga Maris Isufu ya samu kashi 92 da ɗoriya. Shugaban da ya hau da irin wannan adadi ya fi kowa buƙatar ya bar bakin mutane a buɗe, don akwati bai gaya masa komai game da abin da ke zukatansu ba. Amma ranar 25 ga Maris 2018, kan zanga-zangar ƙin dokar kasafin kuɗi, aka kama Musa Cangari da Ali Idrisa da Nuhu Arzika da lauya Lirwana Abdurahaman, aka rarraba su gidajen kaso, ukun farko suka yi wata huɗu a tsare. Ministan cikin gida a lokacin Bazum ne, wanda aka tsare a 1996 da 1998. Ministan shari'a kuwa Maru Amadu ne, wanda aka tsare a 2009. A 2019 aka kafa dokar laifuffukan intanet, da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabu a Yunin 2020 saboda rubutun da ta yi a Facebook kan badaƙalar kuɗin sayen makamai. Tambayar da ta shafi mutanen Tawa ita ce: murya nawa aka ji daga Tawa tana cewa wannan bai dace ba? Waɗanda suka shaƙi barkonon tsohuwa a 1998 su suka fi cancanta su fara magana, kuma da yawansu sun yi shiru.

Sai zaɓen 2021. Kotun tsarin mulki ta hana Hama takara, aka yi zagayen farko ranar 27 ga Disamban 2020, Bazum ya samu kashi 39, Mahaman Usman kusan 17. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu, CENI ta bai wa Bazum kashi 55.75, tazarar ƙuri'a rabin miliyan da 'yan kai. Usman ya ce shi ya ci da kashi 50.3, ya yi zargin aringizo, kuma jihohin Tawa da Agadas na cikin inda ɓangarensa ya nuna da yatsa. Yamai ta rikice. Ministan cikin gida Alkash Alhada ya ce mutum biyu sun mutu, an kama 468. An katse intanet ta wayar salula kusan kwana goma. Hama ya sake komawa Filinge. Ranar 21 ga Maris kotun tsarin mulki ta soke sakamakon rumfuna 73, ta tabbatar da Bazum da kashi 55.66.

Don a fahimci abin da ake jayayya a kai, sai an shiga rumfar zaɓe da dare. Aji ne na makarantar firamare, an ture bencina gefe, an kunna tocila biyu ko uku. Shugaban rumfa ya yanke hatimin akwati a gaban kowa, ya zazzage takardu kan tebur, a fara ƙirga su a gwada da yawan waɗanda suka dangwala yatsa a rajista. Sannan a riƙa ɗaga kowace takarda ana faɗin sunan wanda aka zaɓa, wani yana jan layi a allo biyar-biyar, yara sun maƙale a taga suna ƙirgawa tare da shi. In an gama a cika takardar sakamako, wadda kowa ke kira PV, wakilan 'yan takara su sa hannu, kowa ya karɓi tasa ya naɗe ya sa a aljihu. Wannan takardar ita ce hujja. Jam'iyyar da ke da ita daga kowace rumfa tana iya tsayawa gaban kotu. Wadda ba ta da ita, sai dai ta yi ta rantsuwa.

A cikin garin Tawa ko Illela ko Ƙonni, samun wakili a kowace rumfa ba wuya ba ne. Amma a haura arewa, bayan Abalak, zuwa Cintabaradan da Tasara da Tiliya, rumfa tana iya kasancewa a bakin rijiya, tafiyar awoyi cikin rairayi, babu layin waya, ga matsalar tsaro. Jam'iyyar da ba ta da kuɗin mota da mai ba za ta kai wakili can ba. Sai sakamako ya iso Yamai yana nuna kusan kowa ya fito kuma kusan kowa mutum guda ya zaɓa. Mai yiwuwa gaskiya ne, don akwai zango da ƙauyen da ke zaɓe da baki ɗaya bisa shawarar manyansu. Mai yiwuwa kuma ba haka ba ne. A ƙauyukan Adar akwai ƙarin abin dubawa: Fabrairu tsakiyar rani ne, lokacin da samari da magidanta suka tafi biɗa Abijan da Legas da Libiya, don haka duk adadin fitowa mai yawa sai ya jawo tambaya. A 2016 an ƙara wata gardamar, ta barin wanda ba shi da takardar shaida ya yi zaɓe idan mutum biyu sun shaide shi. Mai yin waɗannan tambayoyi ba maƙiyin Adar ba ne, kuma amsarsu mai sauƙi ce: a buga sakamakon kowace rumfa ɗaya bayan ɗaya inda kowa zai gani, a kuma taimaka wa wakilan kowane ɓangare su isa rumfunan arewa. Wanda ya ci da gaskiya shi ya fi kowa cin ribar haka.

An ga amfanin takarda a wasu ƙasashe. A Malawi, ranar 3 ga Fabrairun 2020, kotu ta soke zaɓen shugaban ƙasa bayan an nuna mata takardun sakamakon da aka goge da farin ruwan gyaran rubutu, aka sake zaɓe a watan Yuni, Lazarus Chakwera na adawa ya ci. Kotun Ƙolin Kenya ta soke nata ranar 1 ga Satumban 2017. A Gana an yi watanni ana nuna shari'ar zaɓen 2012 a talabijin, da kotu ta yanke hukunci ranar 29 ga Agustan 2013 Nana Akufo-Addo ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa, bayan shekara uku ya ci zaɓe. Misali mafi kusa na wani ɗan Katsina ne. Ranar 29 ga Mayun 2007, a jawabin rantsuwarsa, shugaban Najeriya Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, daga baya kuma ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyaran dokokin zaɓe. Wannan furuci bai rage masa daraja ba, har yau ana tuna shi da shi.

Mai suka shi ma akwai haƙƙi a kansa. A yaƙin neman zaɓen 2020 an ji kalamai kan asalin Bazum da launin fatarsa, ana cewa Balarabe ba ɗan ƙasa ba ne, alhali kotu ta yi watsi da ƙarar da aka shigar kan takardunsa. Wannan ba sukar mulki ba ce, kuma babu inda ta fi haɗari kamar jihar da Hausawa da Buzaye da Fulani da Larabawa ke shan ruwan rijiya ɗaya, jihar da ba ta manta da kashe-kashen da aka yi a Cintabaradan a Mayun 1990 ba. A rikicin Fabrairun 2021 an kai hari gidan Musa Kaka, wakilin gidan rediyon RFI, aka cinna masa wuta, mutumin da ya yi fiye da shekara a gidan kaso zamanin Tanja saboda aikinsa. Maƙwabta a arewacin Najeriya sun ga inda irin wannan fushi ke kaiwa: bayan zaɓen Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku, kuma babu ƙuri'a ɗaya da ta canza saboda jininsu. Ƙone shagon talaka yana ba mai mulki hujjar da yake nema ta kama mutane da rufe intanet.

Akwai masu cewa sukar shugaba rashin kunya ce, baƙuwar ɗabi'a ce da boko ya kawo. Tarihin wannan jiha bai goyi bayansu ba. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1754. Da ya tsaya gaban Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami, ya ƙi karɓar kyautar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa, da duk ƙarfinsa, ya amince. Ladabi yana cikin yadda ake faɗin magana, kuma Bahaushe ya iya gaya wa babba gaskiya yana durƙushe. Inda ake gwada wannan a yau shi ne cikin unguwa: tela ko ɗan kabu-kabu a Tawa wanda ya liƙa hoton ɗan takarar da garin bai so, ko malamar makarantar da ta ce ba ta yarda da sakamako ba. Idan aka daina kai masa ɗinki, ko aka yi mata barazanar canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa, an yi musu abin da aka yi wa Adarawa a 1996, sai dai a ƙaramin ma'auni.

A ranar da kotu ta tabbatar da zaɓen Bazum, 21 ga Maris 2021, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Intazayan da Bakorat da Wistan a ƙasar Tiliya, suka kashe mutum 137 bisa ƙidayar gwamnati. Rumfunan yankin da aka yi makonni ana gardama kan ƙuri'unsu a Yamai, mutanensu ne aka binne a ranakun. Waɗanda suka tsira suna da tambayoyi masu nauyi kan inda jami'an tsaro suke da kuma inda kuɗin makamai ya tafi, kuma irin tambayoyin ne aka tsare mutane a kansu shekara guda kafin nan. Shugaban da ya toshe bakin masu suka yana toshe hanyar da irin wannan labari zai iso masa da wuri.

Bazum ya ɗan sassauta. An rantsar da shi ranar 2 ga Afrilu, kwana biyu bayan wani yunƙurin juyin mulki da bai yi nasara ba, kuma a 2022 aka gyara dokar intanet aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna. Ranar 26 ga Yulin 2023 dogarawan fadarsa suka tsare shi, Janar Abdurahaman Ciyani ya karɓi mulki, aka dakatar da ayyukan jam'iyyu. A Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar intanet. Hama Amadu ya rasu a Oktoban shekarar. Ranar 3 ga Disamban 2024 aka kama Musa Cangari a gidansa a Yamai, a Janairu aka kai shi gidan kason Filinge. An tsare shi zamanin Ba'are, an tsare shi zamanin Tanja a 2005 kan zanga-zangar tsadar rayuwa, an tsare shi zamanin Isufu a 2015 da 2018. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rantsar da Janar Ciyani shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar wanda ana iya sake duba tsawonsa, aka kuma rusa dukkan jam'iyyun siyasa, har da PNDS-Tarayya da aka kafa a Disamban 1990.